Ƙashin da ya ƙi warkewa da bitamin D: nazarin lamarin wata yarinya mai tsamin jini daga bututan ƙoda

## Daga haihuwa zuwa wata 12

An haifi yarinyar bayan cikar wata tara, nauyinta kilo 3.1, ba tare da wata matsala ba a lokacin goyon ciki ko wajen haihuwa. Ita ce 'yar fari, iyayenta duka biyu lafiyarsu ƙalau, kuma babu wanda aka sani da ciwon ƙoda ko ciwon ƙashi a danginsu. A watanni huɗu na farko nauyinta yana ƙaruwa yadda ake so, amma daga wata na biyar sai ƙaruwar ta yi sanyi. Tana da wata shida an auna ta kilo 6.3, ranar da ta cika shekara guda kuma kilo 7.0, alhali matsakaicin nauyin 'ya mace mai shekara guda a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya kilo 8.9 ne.

Abubuwa huɗu ne mahaifiyar ta riƙa ambata duk lokacin da ta kai ta awo: yawan amai bayan cin abinci, taurin bayan gida, ƙishirwar da ba ta yankewa, da fitsari mai yawa dare da rana. An rubuta amai da taurin bayan gida a katinta, an kuma ba da shawarar ƙara mata abinci mai gina jiki. Ba a rubuta ƙishirwa da yawan fitsari ba, kuma ba a ɗebi jini ko fitsari don gwaji ba a duk tsawon wannan shekarar.

## Wata 14: kwanciyar asibiti ta farko

Tana da wata 14 ta yi zawo da amai na kwana uku, jikinta ya bushe, aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa. A nan ne aka fara auna gishirin jininta. Fotasiyam, gishirin da tsoka da zuciya ke buƙata don yin aiki, ya nuna milimol 2.9 a kowace lita, alhali daidai shi ne daga 3.5 zuwa 5.0, bayikabonet kuma, wanda shi ne ke kashe tsamin jini, ya nuna 13, alhali ana sa ran ya kai 20 ko ya haura a yaro mai irin shekarunta. Kiriyatinin, wanda shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen duba aikin ƙoda, yana daidai.

Likitocin da suka duba ta sun danganta sakamakon da zawon, kuma suna da hujja, domin zawo yana fitar da bayikabonet da fotasiyam ta hanji, ya bar jini da tsami irin wannan. Bayan kwana huɗu zawon ya tsaya, ta fara cin abinci, aka sallame ta. Ba a sake auna bayikabonet kafin sallama ba, ba a kuma sa ranar dawowa don a sake auna shi ba. Ba a auna tsamin fitsarinta ba.

## Wata 24 zuwa wata 37: shekara guda ana maganin ƙashi

Ba ta fara tafiya ba sai da ta kai wata 22, kuma ko da ta fara, takan yi 'yan taku kaɗan ta zauna. Ranar da ta cika shekara biyu nauyinta kilo 8.3 ne, tsawonta santimita 76, wato ta gaza matsakaicin tsawon tsararrakinta da kimanin santimita 10. Wuyan hannayenta sun yi kauri, an ji ƙananan ƙulle-ƙulle a jere a mahaɗar haƙarƙarinta, maɗigarta ba ta gama rufewa ba, ƙafafunta kuma sun fara lanƙwasa. Hoton ƙashi na wuyan hannu da gwiwa ya nuna bakin ƙasusuwan ya buɗe, ya zurma kamar ƙoƙo, gefensa ya yi gezar-gezar. Waɗannan su ne alamun ciwon laushin ƙashi na yara, wanda likitoci ke kira riket.

Da yake mafi yawan yaran da ke da wannan ciwo ƙarancin bitamin D ko ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke jawo musu shi, sai aka ɗora ta a kan maganin da aka saba: bitamin D yunit 3,000 da kalsiyam miligiram 500 kowace rana na tsawon mako 12. Iyayen sun ba da maganin ba fashi. A irin wannan ciwon idan na ƙarancin abinci ne, cikin wata uku ana ganin sabon layin kalsiyam ya bayyana a bakin ƙashi, amma hoton da aka sake ɗauka bai nuna wani canji ba.

An yi zaton ko hanjinta ba ya tsotsar maganin, ko kuma ba a ba ta shi yadda ya kamata, don haka tana da wata 28 aka ba ta yunit 150,000 a lokaci guda a gaban ma'aikaciyar jinya, aka kuma maimaita tana da wata 31. An yi mata takalman ƙarfe masu tallafar ƙafa, waɗanda ta sa na wata biyar, suka goge mata fata a gefen gwiwa, lanƙwasar kuma ta ci gaba. Tana da wata 33 aka auna bitamin D ɗin da ke jininta a karon farko, aka same shi nanomol 140 a lita, alhali duk abin da ya haura 50 ya wadatar. Sinadarin alkalin fosfates, wanda ke hauhawa idan ƙashi yana fafutukar ginuwa bai samu abin ginin ba, yana sama da yunit 1,000 a lita. Fosfet, wani gishirin da ake gina ƙashi da shi, ya ɗan yi ƙasa. An sake duba kiriyatinin aka same shi daidai, aka rubuta a fayil cewa ƙodojinta lafiya suke.

Daga nan aka karkata ga tunanin ko jikinta ne ba ya iya sarrafa bitamin D zuwa nau'in da ke aiki, sai aka fara ba ta kalsitiriyol, wanda shi ne bitamin D da aka riga aka sarrafa. Ta sha shi kusan wata huɗu. A duk wannan shekarar ba a sake auna bayikabonet ko fotasiyam ba, kuma sakamakon kwanciyar wata 14 yana cikin wani fayil daban da masu duba ƙashin ba su gani ba.

## Wata 38: ranar da ta kasa tashi

Tana da shekara uku da wata biyu ta yi zazzaɓin mura na kwana biyu, ta daina cin abinci, ta yi ta amai. A rana ta uku da safe ta kasa miƙewa zaune, wuyanta ya kasa ɗaukar kanta, hannuwa da ƙafafu suka saki, tana numfashi mai zurfi da sauri ko da yake ba a ji alamar ciwo a ƙirjinta ba. Nauyinta kilo 9.4, tsawonta santimita 81. Ta yi gwame sosai, domin idan aka haɗa gwiwoyinta, tazarar da ke tsakanin idon sawayenta santimita 11 ce.

Sakamakon jinin wannan ranar, da ma'aunin milimol a lita, shi ne sodiyam 137, fotasiyam 2.1, kulorayid 117, bayikabonet 9, kalsiyam 2.2, fosfet 0.9. Ma'aunin tsami na pH a jininta 7.22 ne, alhali jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, kuma gwargwadon saukar lambar, gwargwadon yawan tsamin. Gwajin bugun zuciya ya nuna canje-canjen da ƙarancin fotasiyam ke kawowa. Kiriyatinin har yanzu yana daidai.

An fara da fotasiyam ta jijiya, a hankali, ana kallon bugun zuciya a na'ura, aka jinkirta bayikabonet da gangan. Dalili shi ne idan aka kashe tsamin jini da sauri, fotasiyam yana barin jini ya shige cikin ƙwayoyin tsoka, wanda ke nufin 2.1 zai ƙara faɗuwa, zuciya ko tsokar numfashi su iya tsayawa. Gyaran tsami da gaggawa yana kuma rage kalsiyam ɗin da ke yawo a sake cikin jini, har ya jawo sanƙarewar tsoka ga yaron da ƙashinsa ya riga ya yi laushi. Bayan awa 18 fotasiyam ya kai 3.2, ta fara ɗaga kai, sannan aka fara bayikabonet kaɗan-kaɗan. An dakatar da kalsitiriyol da ƙarin kalsiyam tun ranar farko.

## Kwana 2 zuwa kwana 10: binciken asalin ciwon

Abin da ya juya akalar binciken shi ne gwajin fitsari da aka yi kafin a fara ba ta bayikabonet. Jininta yana cike da tsami, amma pH na fitsarinta 7.1 ne. Ƙoda mai lafiya idan ta ga jini ya yi tsami haka, tana zuba asid a fitsari har pH ɗinsa ya sauka ƙasa da 5.5. An gwada fitsarin don a tabbatar babu ƙwayar cuta, domin akwai ƙwayoyin da ke farfasa sinadarin yuriya su ɗaga pH su ruɗar da mai bincike, aka ga babu. An auna sodiyam 48, fotasiyam 32 da kulorayid 52 a fitsarin. Idan aka haɗa biyun farko aka ɗebe na uku, saura 28 a sama da sifiri, wanda ke nuna amoniya, sinadarin da ƙoda ke fitar da asid ta hanyarsa, ta yi ƙaranci a fitsarin. Da zawo ne ya kawo tsamin, da ƙoda ta fitar da amoniya mai yawa tare da kulorayid, lissafin kuma ya faɗa ƙasa da sifiri. A jini kuma, idan aka ɗebe kulorayid da bayikabonet daga sodiyam, saura 11, wanda yake daidai, kuma hakan ya kawar da zaton wani baƙon asid ne ya taru, irin na ciwon sukari ko na guba.

Fahimtar wannan sakamako tana buƙatar sanin yadda ƙoda ta raba aikinta. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, kowace matata kuma tana haɗe da wani siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Matatar tana tace ruwa daga jini ba tare da zaɓe ba, har kimanin lita 180 a rana ga babban mutum, sannan bututun ya mayar wa jini kusan kashi 99 cikin 100 na wannan ruwan tare da abubuwan amfanin da ke cikinsa. Farkon bututun shi ke dawo da sukari, da amino asid, da mafi yawan fosfet, da kusan kashi 80 cikin 100 na bayikabonet. Ƙarshen bututun kuma yana da wasu ƙwayoyin halitta na musamman masu ɗan famfo da ke tura asid cikin fitsari. Kiriyatinin aikin matatar yake aunawa, don haka yana iya zama daidai tsawon shekaru alhali bututun ya kasa aikinsa.

Jikin babban mutum yana samar da asid kimanin milimol 1 a kowane kilo na nauyinsa a rana, na yaro mai girma kuwa yana kai biyu zuwa uku, domin ginin ƙashi kansa yana sakin asid. Idan famfon ƙarshen bututu bai fitar da wannan asid ba, bayikabonet na jini ne ke fara ƙarewa wajen kashe shi, daga nan sai jiki ya koma kan ƙashi, wanda shi ne babban rumbun gishirin kabonet da fosfet. Tsamin yana zaburar da ƙwayoyin da ke rushe ƙashi, yana dakushe masu gina shi, yana kuma rage tasirin sinadarin girma. Ta haka ne ƙashin yarinyar ya yi laushi, tsawonta ya tsaya, duk da cewa bitamin D ya wadata a jininta.

Kalsiyam ɗin da ya fito daga ƙashi fitsari yake bi. An tara fitsarinta na awa 24, ya kai lita 1.3, da kalsiyam miligiram 8 a kowane kilo, wato ninki biyu na iyakar miligiram 4 da ake ɗauka daidai. Sinadarin sitiret, wanda aikinsa a fitsari shi ne riƙe kalsiyam ya hana shi daskarewa, kusan babu shi, domin idan jini ya yi tsami farkon bututu yana tsotse sitiret ya mayar jiki. Kalsiyam mai yawa, da rashin sitiret, da fitsarin da ba shi da tsami, idan suka haɗu sai gishirin kalsiyam da fosfet ya kwanta a cikin naman ƙoda. Hoton sikanin ya tabbatar da haka, inda tsakiyar ƙodojin biyu ta yi fari fat. Wannan kwantaccen kalsiyam, tare da ƙarancin fotasiyam na dogon lokaci, su ne suka hana ƙodar kama ruwa, kuma daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwar da mahaifiyar ke faɗa suka samo asali. Fotasiyam kuma yana zuba ne domin ƙarshen bututu yana musanya sodiyam da asid ko da fotasiyam, idan hanyar asid ta toshe sai nauyin ya koma kan fotasiyam, bushewar jiki kuma ta ƙara tsananta zubar.

Akwai abin da ya so ya kawo ruɗani. Fitsarinta yana ɗauke da fosfet fiye da kima da wasu ƙananan furotin, waɗanda alamu ne na lalacewar farkon bututu, irin ciwon da ake kira da sunan Fanconi, likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a shekarun 1930. Babban sanadin wannan ciwon na gado a ƙananan yara shi ne taruwar sinadarin sistin a jiki, don haka aka tura ta wurin likitan ido ya duba ko akwai ƙyallin sistin a baƙin idonta, bai ga komai ba. Babu sukari a fitsarin. Bayan bayikabonet na jininta ya hau, abin da take zubarwa a fitsari bai kai kashi 5 cikin 100 na wanda aka tace ba, alhali mai ciwon farkon bututu yakan zubar da fiye da kashi 15. An kammala da cewa ciwonta tsamin jini ne na ƙarshen bututun ƙoda, alamun farkon bututun kuma sakamakon daɗewar tsami da ƙarancin fotasiyam ne, ana sa ran za su gushe da magani. Ciwon sananne ne tun da daɗewa, domin likita Lightwood ya bayyana shi a jarirai a Landan a 1935, likita Albright kuma ya danganta shi da laushin ƙashi a Boston a 1946.

## Mako 2 zuwa mako 6: maganin farko bai wadatar ba

An sallame ta da sodiyam bayikabonet na sha, milimol 3 a kowane kilo a rana, an raba sau uku, tare da fotasiyam kulorayid. Ta samu sauƙi a fili, amai ya tsaya, ta fara cin abinci. Sai dai a mako na shida bayikabonet bai wuce 17 ba, fotasiyam yana 3.0, kalsiyam na fitsari kuma yana miligiram 6 a kilo. Cikinta yana kumbura tana yawan gyatsa bayan kowane sha, saboda iskar da bayikabonet ke saki idan ya haɗu da asid na tumbi, har ta fara ƙin maganin.

Matsaloli uku aka gano. Adadin ya yi kaɗan ga yarinyar da ƙashinta ya fara ginuwa da sauri. Sodiyam ɗin da ke cikin maganin yana jan kalsiyam da fotasiyam zuwa fitsari, wato yana ƙara ɓata abubuwa biyun da ake son gyarawa. Tazarar da ke tsakanin shan yamma da na safe kuma ta kai awa 12, don haka tsamin yana dawowa kowane dare.

## Mako 7 zuwa wata 12 na magani: abin da ya yi aiki

An musanya magungunan biyu da ruwan fotasiyam sitiret, adadin da ya yi daidai da milimol 4 na bayikabonet a kowane kilo a rana, an raba sau huɗu, kaso mafi girma kuma lokacin kwanciya barci. Hanta tana juya sitiret zuwa bayikabonet, don haka magani ɗaya yana kashe tsami, yana mayar da fotasiyam, yana ɗaga sitiret na fitsari, ba tare da ƙarin sodiyam ba. Yana da ɗaci da tsami a baki, shi ya sa aka koya wa iyayen su riƙa tsarma shi da ruwa su ba ta bayan cin abinci. An kuma tsara a riƙa ɗibar jini da safe kafin shan farko, domin a lokacin ne bayikabonet yake mafi ƙasa, kuma gwajin da aka yi awa ɗaya bayan sha yana iya nuna lafiyar da babu ita.

Cikin mako uku bayikabonet ya kai 22, fotasiyam 4.0. A wata na uku fosfet na jini ya koma 1.5 ba tare da an ba ta ƙarin fosfet ba, ƙananan furotin sun ɓace daga fitsari, kalsiyam na fitsari ya sauka zuwa miligiram 3 a kilo, hoton wuyan hannu kuma ya nuna farin layin warkewa a bakin ƙashi, wanda aka shafe shekara ana jira. A wata na tara alkalin fosfates ya sauka zuwa 320. A shekarar farko ta magani ta ƙara santimita 11 a tsawo da kilo 3.6 a nauyi. Irin wannan cim ma girma shi ne abin da masu bincike McSherry da Morris suka nuna a San Francisco a 1978, cewa yaran da ke da wannan ciwo suna iya kai tsawon da ya dace idan aka kashe tsamin gaba ɗaya kuma aka ɗore.

Likitan ƙashi ya duba gwamen ya ba da shawarar a jinkirta tiyata, domin ƙashin da bai gama warkewa ba ba ya riƙe gyara, kuma ƙafar ƙaramin yaro takan miƙe da kanta idan sanadin laushin ya gushe. An daina amfani da takalman ƙarfe.

## Shekara huɗu: kunne da gwajin gado

Tun kafin a gano ciwon maganarta ta yi jinkiri, an kuma ɗauka rashin ƙarfi ne da yawan jinya. Da jiki ya warware maganar ba ta biyo baya ba, sai aka yi gwajin ji, aka samu raunin ji na jijiyar kunne a ɓangarorin biyu, kimanin desibel 60. Gwajin ƙwayoyin gado ya nuna ta gaji gurɓataccen kwafi biyu na ƙwayar ATP6V1B1, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wannan ƙwayar ce ke gina wani sashe na famfon asid, kuma a 1999 aka gano cewa famfon yana aiki a cikin kunne ma, inda yake daidaita tsamin ruwan da jijiyar ji ke dogara da shi. Maganin kashe tsamin jini ba ya gyara wannan, don haka aka sa mata na'urar taimaka wa ji a kunnuwan biyu, aka haɗa ta da mai koyar da magana. An bayyana wa iyayen cewa su kansu ba za su kamu ba, amma kowane cikin da za su samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na gadon ciwon, kuma ya kamata a auna jini da fitsarin duk jaririn da za su haifa tun makonnin farko.

## Wata 14 zuwa wata 16 na magani: koma baya

A wata na 14 bayikabonet ya sauka zuwa 18 duk da ana shan magani, domin nauyinta ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku amma yawan maganin bai canza ba. Kafin a dawo a gyara, maganin ya ƙare, iyayen kuma, ganin tana gudu tana wasa, suka bar ta mako uku ba sha. Ƙishirwa ta dawo, ta fara kukan ciwon ƙafa, gwaji ya nuna bayikabonet 14 da fotasiyam 3.1. An sake lissafa adadin bisa sabon nauyi, aka zauna da iyayen aka yi musu bayani dalla-dalla cewa famfon ba ya gyaruwa, maganin yana yin aikinsa ne a madadinsa kowace rana, kuma zai zama na tsawon rai. An ba su takarda mai nuna abin da za a yi idan ta yi amai ko zawo har ta kasa riƙe maganin, wato a kai ta asibiti a ranar a auna fotasiyam. Daga nan ba a sake samun fashi ba.

## Shekara bakwai: inda lamarin ya tsaya

A duba na ƙarshe tsawonta santimita 113 ne, wanda ya shiga sahun daidai ko da yake yana ɓangaren ƙasa, nauyinta kuma kilo 19. Tazarar idon sawu ta koma santimita 4 ba tare da tiyata ba. Bayikabonet 23, fotasiyam 4.1, fosfet da alkalin fosfates daidai, kiriyatinin daidai. Bukatarta ta magani ta sauka zuwa milimol 3 a kilo, kamar yadda aka saba gani idan saurin girma ya ragu. Kalsiyam ɗin da ya kwanta a ƙodojin yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma har yanzu tana fitsari fiye da tsararrakinta, tana tashi sau ɗaya ko biyu da dare. Raunin ji bai canza ba, amma da na'ura tana magana cikin cikakkun jimloli, tana kuma karatu a aji ɗaya da sa'o'inta.

## Hukunci a kan abin da ya faru

A ganina, danganta sakamakon wata 14 da zawo ba kuskure ba ne, kuma fara maganin laushin ƙashi da bitamin D a wata 24 shi ne abin da kusan kowane likita zai yi. Kuskuren farko shi ne sallamar yarinyar da girmanta ya riga ya tsaya, da bayikabonet 13, ba tare da an sake aunawa bayan zawon ya wuce ba. Da an yi haka bayan mako biyu, da an same shi a ƙasa har yanzu, da kuma an gano ciwon shekara biyu kafin lokacin da aka gano shi, tun ƙashi bai lanƙwashe ba.

Kuskure na biyu ya fi nauyi, kuma ya faru ne a wata 27, lokacin da hoton ƙashi ya nuna mako 12 na cikakken magani bai yi komai ba. Wannan rashin warkewa shi kansa sakamakon gwaji ne, yana nuna cewa zaton farko bai yi daidai ba, amma aka amsa shi da ƙara yawan maganin har sau uku. Ina ganin ƙarin bitamin D, da kalsiyam, da kalsitiriyol sun yi fiye da ɓata lokaci, domin dukansu suna ƙara kalsiyam a fitsarin da ba shi da sitiret. Ba a ɗauki hoton ƙoda kafin a fara su ba, don haka ba za a iya raba abin da ciwon ya kwantar da abin da maganin ya ƙara ba, amma alkiblar tasirinsu a fili take, kuma wannan ita ce illar da ba ta gushe ba.

Jimlar da aka rubuta a wata 33, cewa ƙodojinta lafiya suke saboda kiriyatinin yana daidai, ita ce ta rufe ƙofar bincike na wasu watanni biyar. Abin da ake buƙata a lokacin bai wuce bayikabonet, da kulorayid, da fotasiyam, da pH na fitsari ba, waɗanda da yawa daga ɗakunan gwajin da ke auna kiriyatinin suna iya auna su. Haka kuma ƙishirwa da yawan fitsarin da mahaifiyar ta fara faɗa tun yarinyar ba ta cika shekara ba, alamu ne da ƙarancin bitamin D ba ya kawowa, kuma abin yana damuna cewa ba su shiga rubutu ba sai ranar da ta kasa tashi. Gwajin ji ma ya kamata a yi shi tun makon da aka gano ciwon, domin alaƙar wannan nau'in da kunne sananniya ce, kuma watannin da aka rasa na koyon magana ne.

Fotasiyam sitiret ya yi nasara inda sodiyam bayikabonet ya gaza saboda abubuwa uku da aka canza a lokaci guda: nau'in gishirin, da yawansa, da rabonsa cikin awa 24, kuma ba zan iya cewa ɗaya daga cikinsu shi kaɗai zai wadatar ba. Shan magani sau huɗu a rana shi ne zai fi wuya idan ta kai shekarun balaga ta fara riƙe maganin da kanta. Akwai nau'in da ke narkewa a hankali, mai haɗa fotasiyam sitiret da fotasiyam bayikabonet, wanda ake sha sau biyu a rana, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2021, kuma an tattauna shi da iyayen a matsayin zaɓi idan ya samu. A yanzu tsarin shi ne a auna jini da nauyi kowane wata uku zuwa huɗu a sake lissafa adadin, a duba kalsiyam da sitiret na fitsari sau biyu a shekara, a ɗauki hoton ƙoda a kuma gwada ji sau ɗaya a shekara, ana lura da kiriyatinin musamman, domin ƙodar da kalsiyam ya kwanta a cikinta tana iya fara rasa ƙarfin tacewa bayan shekaru masu yawa.